FILIN ANTINKU: An Buɗe Layi, Ke Me Za Ki Tambaya?

Da fatan ana ta karatu, ana kuma taya su Inna aikin gida ba tare da zumɓure-zumɓuren baki ba. Wasiƙunku duk sun iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Waɗanda suka yi tambaya a kan haɗin lalle da gyaran gashi ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, domin wani abu ne ya faru a kan idona a Kabo, wanda tun daga ranar ya tsaya mini a rai.

Biki na je na 'yar ƙawata. Ranar kamu, bayan la'asar, na leƙa ɗakin ƙawayen amarya don in karɓi turaren wuta, sai na tarar da 'yan mata sun fi goma sun yi da'ira, kai da kai, an ajiye waya a tsakiya kamar kwanon tuwo. Ashe wani gidan rediyo ne na Kano yake hira da wata marubuciya da suke mutuwar son littattafanta. Ni ma sai na nemi gefen katifa na zauna, don ba a girma da son labari.

Da aka ce an buɗe layi, wata yarinya siririya, ba za ta wuce shekara 16 ba, ta zaro tata wayar daga cikin hijabi hannunta yana rawa. Daga baya na ji daga wani ƙauye take a wajen Garo, aji biyu take a babbar sakandare, wayar ma ta yayarta ce, katin kuwa kuɗin tara ta tattara na kwana huɗu ta saya. Ta kira, layi a cike. Ta sake, a cike. Ta yi ta danna wa har na fara tausaya wa babban yatsanta. Can sai muka ji muryar mai gabatarwa ta fito ta wayoyi biyu lokaci guda, "Salamu alaikum, wa ke magana, daga ina?"

Ɗakin ya yi tsit. Yarinya ta buɗe baki, sai ga abin da ya fito: tana gaida Anti marubuciya, wallahi tana sonta, tana gaida 'yan ajinsu gaba ɗaya, tana gaida amarya da ango, tana gaida yayarta mai wayar, tana gaida... "To mun gode ƙwarai," in ji mai gabatarwa, ƙit! aka katse. Ƙawaye suka ɗauki shewa da tafi, an ji sunan Kabo a rediyo. Ita kuwa ta yi murmushin yaƙe ta sulale ta fita.

Bayan rumbu na same ta tana share hawaye da gefen hijabi. Na ce, "Ke kuwa lafiya? Ba ga shi kin samu shiga ba?" Ta ce, "Anti, ba abin da na kira in faɗa ke nan ba."

Ashe yarinyar nan rubutu take yi. Littafin rubutu huɗu ta cika da labari, tana ɓoyewa a ƙasan akwatin kayanta. Yayanta namiji ya tsinci ɗaya, ya buɗa shafi biyu, ya ga an rubuta wani yana ce wa wata yana sonta, bai ƙara gaba ba ya kai wa Babansu, wai ga wasiƙun samari da take tarawa. Baba ya ce in dai abin da boko yake koya mata ke nan, to daga wannan zangon ta gama. Tambayar da ta kwana huɗu ba ta karya a makaranta ba don ta yi ita ce: Anti, ke yaya kika yi iyayenki suka gane cewa labari daban, iskanci daban?

Wallahi sai na ji kamar ni ce a tsaye a bayan rumbun nan, domin na taɓa yin irin wannan wautar, har ma tawa ta fi tata.

Mu a zamaninmu a Gwarzo babu waya. Wayar hannu sai a 2001 ta shigo ƙasar nan, gidan rediyon Freedom kuwa sai a ƙarshen 2003 aka buɗe shi a Kano. Abin da muke da shi rediyon Yayanmu ce mai batir, wadda in batirin ya yi sanyi sai mu shanya shi a rana a kan katanga, wai ya farfaɗo. Da ita muke kamo Rediyon Kano da Rediyon Kaduna, mu ji 'yan Zaɓi Sonka ana jero sunayensu kamar karatun allo, Baba kuma in ya karɓe ta sai BBC, ya ji Amsoshin Takardunku. Littattafai kuwa haya muke karɓowa, a naɗe a cikin littafin lissafi kada a gani. Haka muka karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fito a 1991, haka muka karanta Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, littafi ɗaya sai ya zaga aji guda kafin ya koma hannun mai shi, bangon duk ya yi laushi kamar ganyen zogale.

Rannan aka sanar a rediyo cewa za a kawo wani marubuci, mai tambaya ya aiko da wasiƙa. Na yage takarda daga tsakiyar littafina na zauna. Na fara da gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Na gaida mai gabatarwa, na gaida baƙo, na gaida ƙawayena ɗaya bayan ɗaya har da laƙabinsu, don na san wadda duk na tsallake gaba za mu yi ta wata guda. Kafin in farga shafi biyu sun cika. Tambayar tawa sai a bayan takarda na matse ta, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Na ba wani direba da yake lodin Kabuga, tafiyar kusan kilomita 70, na haɗa masa da godiya da addu'a.

Sati uku ina kasa kunne. Ranar da aka karanta sunana na yi tsalle har na zubar da ƙullun koko, Inna ta bi ni da muciya. An karanta sunana, an karanta na ƙawayena huɗu, aka ce saura sai wani jiƙon. Sai da dare ya yi na kwanta sannan na tuna ba a juya bayan takardar ba. Abin da na tambaya shi ne, idan mutum ya gama rubuta littafi ina yake kai shi, kuma nawa ake kashewa? Ban sami wannan amsa ba sai bayan shekara goma, lokacin ina da goyo, littafin da na rubuta kuwa gara ta riga ni karanta shi.

Kada ku ce Anti ta hana gaisuwa. Haba, ina! Gaisuwa tarbiyya ce, kuma wanda bai taɓa zama a ƙauye ba ba zai san daɗin a ambaci Getso ko Lakwaya ko Gude a rediyo ba, ka ji kamar duniya ta san da zamanku. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sau da yawa a bayan gaisuwar muke ɓuya. An raine mu a kan yarinya ba ta tambayar babba, in ta tambaya an ce ta cika fitsara, saboda haka da mun ji muryar babba sai harshe ya koma inda ya saba. Alhali kuwa wannan baƙuwar da aka ajiye a gaban makirfo ba don komai aka kawo ta ba sai don a tambaye ta. Masu iya magana suka ce matambayi ba ya ɓata.

Su ma masu gabatarwa ina da ƙorafi a kansu, ba duka ba, amma da yawa. Za a samu mace ta rubuta littafi ashirin, ta sha faɗi-tashi da masu ɗab'i da 'yan kasuwa, a zaunar da ita awa guda, sai ka ji: wane abinci kika fi so? Wane kalar kaya? Kina da aure? In ta ce babu, to me ya sa? Haka ake yi wa 'yan fim mata ma, har ya fi muni. Ni dai ban ga abin da dambun da marubuciya take so zai ƙara wa yarinyar da ke Kabo ba. Namiji in ya zo a tambaye shi yadda ya faro da inda ya dosa, mace in ta zo a tambaye ta girki da miji. Sai kuma masu kira na ɗaya ɓangaren, waɗanda ba su taɓa buɗe littafin ba amma sun haddace jimla ɗaya, wai ku ne kuke ɓata tarbiyyar 'ya'yan mutane. Wannan zargi ba yau aka fara ba. A 2007, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ban ce duk abin da aka rubuta mai kyau ne ba, akwai waɗanda ni kaina ba zan bar 'yata ta karanta ba. Amma tsakanin mai yabo ido rufe da mai zagi ido rufe, sai awa ta ƙare ba a yi maganar littafin ba.

Abin takaicin shi ne matan nan suna da abin faɗa, in an tambaye su. Ku dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tun ba ta wuce shekara 13 ba, auren bai ɗore ba, daga baya ta koma neman ilimi da girmanta. Ita ce ta rubuta Budurwar Zuciya, ta rubuta Alhaki Kwikwiyo a 1990, wanda a 2012 aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a ƙasar Indiya. Ba a ɓoye wannan tarihi yake ba, da bakinta ta sha ba da shi ga waɗanda suka yi mata tambayar kirki. Ga Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda So Aljannar Duniya nata ya fito tun 1980 bayan ya yi fice a gasar kamfanin NNPC na Zariya, lokacin da ba a saba ganin sunan mace a bangon littafin labari ba. Yanzu a ce ɗayansu tana kan layi, ke kuma kina da minti ɗaya, sai ki ɓatar da shi a kan 'yan ajinku da za ki gani gobe da safe?

Kuma ku yanzu ƙofa a buɗe take fiye da lokacinmu. A 2016 sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata domin mata marubuta gajerun labarai, Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansanin 'Yan Gudun Hijira, a 2022 kuma Amira Souley daga Maraɗi ta ɗauka. An karanta labaransu a rediyo, an yi hira da su, duniya ta ji. Ba daga sama suka faɗo ba, su ma da biro da littafin rubutu suka fara kamar ke.

To ga abin da na faɗa wa 'yar tawa a bayan rumbu, ku ma ku riƙe. Kafin ki taɓa waya, rubuta tambayarki a takarda, guda ɗaya tak, ki karanta ta a fili sau uku har bakinki ya saba da ita. In an ɗauka, sallama, sunanki, garinku, sai tambaya. Gaisuwa ta biyo baya in an bar ki. In kin san muryarki za ta yi rawa, tura saƙon tes, ya fi arha, kuma ba ya jin kunya. Sannan don Allah don Annabi kada ki karanto lambarki a iska, ko an ce ki bayar don a haɗa ki da baƙuwa, kada kuma ki kwatanta gidanku. Ba marubuciya kaɗai ke saurare ba, akwai zauna-gari-banza da biro a hannu, kafin magariba sun fara damun wayar yayarki, ki jawo wa kanki abin da ya fi na littafi.

Washegarin ɗaurin aure ni da uwar amarya muka shiga mota har ƙauyensu yarinyar. Mun tarar da Babanta a zaure yana gyaran igiyar shanu. Dattijo ne mai mutunci, ba mugu ba, tsoro ne kawai irin na uba. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, alfarma ɗaya muka zo nema. A karanta maka littafin nan daga farko, in ka ji abin da bai dace ba, ni da kaina zan sa shi a murhu." Ya yi shiru, sannan ya aika aka ɗauko.

Ni na karanta. Maganar so da Yayanta ya gani tana shafi na biyu, kuma miji ne yake faɗa wa matarsa. Daga shafi na shida matar ta fara naƙuda da daddare, damina, babu mota a garin, aka ɗora ta a amalanke. Ban kai shafi na goma ba uwar amarya ta taɓa ni da ƙafa, na ɗaga kai na ga dattijo ya juya fuska wajen bango. Ashe haka mahaifiyar yarinyar ta rasu, tana da shekara tara, kuma tun ranar ba a taɓa tayar da zancen a gidan ba.

Bai ce ya janye maganarsa ba, kada in yi muku ƙarya. Abin da ya ce shi ne ta ƙarasa zangon tukuna a gani. Ya miƙo mata littafin, sannan ya tambaye ta sauran ukun suna ina, ya ce ta riƙa kawo masa ɗaya-ɗaya bayan sallar isha tana karanta masa da kanta.

Tambayar tata kuwa har yanzu tana nan ba a amsa ba, na kuma yi mata alkawarin zan buga ta a wannan fili. Saboda haka marubutanmu mata da ke karanta wannan mujalla, ku ba mu labarin yadda kuka yi da naku iyayen, ku aiko ta adireshin da kuka saba, zan buga amsoshin yadda suka zo. Wadda ta cika shafi biyu da gaisuwa dai ta sani, ni ina juya bayan takarda.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum, Antinku.