Sharhi: Manomin Shayi Ba Shi Da Rumbu



Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Babban Dodo bayan sallar asuba ya san yadda birnin Zariya ke karya kumallo. Tukunya na tafasa da citta da kanumfari, ga burodi a jere, mai shayi na ɗaga kofi sama yana sheƙawa cikin wani don ya huce. Amma ko ganye ɗaya na wannan shayi ba a ƙasar Zazzau ya tsiro ba. Itacen shayi sanyi yake so da ruwan sama mai yawa, kuma a Nijeriya tsaunin Mambila ne ya haɗa su, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Can a Kakara ake sarrafa Highland Tea, ƙananan manoma kewaye da masana'antar suna kai mata ganye.

Duk da haka, yawancin abin da muke sha daga waje ake shigo da shi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, har mai shayi ya fara lissafin kofi nawa ƙulli ɗaya zai ba shi. Wannan dama ce ga manomin Mambila, in har an tsaya masa.

Ku duba yadda aikin yake. Da hannu ake tsinkar toho da ganye biyu na sama, kuma dole su isa masana'anta a ranar. In suka kwana a buhu sai su ɗau zafi, su yi ja, su lalace. Manomin masara a Soba ko Giwa yana iya zuba amfaninsa a rumbu ya jira farashi ya tashi. Manomin shayi ba shi da rumbu. Sai ya tara ɗanyen ganye kilo huɗu zuwa biyar kafin a sami kilo ɗaya na busasshe, kuma idan mota ta maƙale a taɓo da damina, wahalar yinin nan ta tafi a banza. Ga shi mai saye ɗaya ne a kusa da shi, ba shi da bakin yin ciniki.

A nan ƙaramar hukuma take da aiki. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata kula da hanyoyin karkara da sa hannu wajen bunƙasa noma, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. To, a ganina ba rabon taki gaban kyamara manomin nan yake buƙata ba. A gyara masa hanyar gona, a kafa rumfar awo mai sikelin gaskiya a ƙauyensa, a sama masa dashe daga tashar binciken shayi da ke Kusuku, a taimaka wa manoma su haɗa kai su yi magana da murya ɗaya. Kenya, wadda ke kan gaba a duniya wajen fitar da baƙin shayi, da ƙananan manoma fiye da dubu 600 ƙarƙashin kamfanin shayi na KTDA ta kai inda ta kai, kuma masana'antun nasu ne.

Kada mu ce wannan zancen Taraba ne kawai. A daminar 2023 cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko, nan cikin jiharmu, manoma suka tafka asara, citta ta yi tsadar da masu shayin Zariya suka ji a aljihunsu. Malamin gona na ƙaramar hukuma shi ya kamata ya fara ganin irin wannan cuta, ya sanar da masana aikin gona na Samaru tun ganye bai gama ƙonewa ba. Saboda haka idan shugabannin ƙananan hukumomi sun gabatar da kasafin kuɗi, mu tambaye su nawa suka ware wa hanyar gona da malaman gona, kuma a wane ƙauye za a fara.