A HANA TUTAR ƘIYAYYA, AMMA A KIRA SUNANTA

'Yan'uwa na rassan Dogon Dutsi, Matankari da Tibiri,

Tambaya ita ce: ya kamata hukuma ta hana nuna alamun masu ƙiyayya a bainar jama'a? Mun ce i, amma da sharaɗi.

Ku dubi Jamus. Sashe na 86a na dokarsu ya hana tambarin Hitila da gaisuwarsa ta miƙa hannu, mai yi yana iya shan ɗaurin shekara 3. A Ostareliya ma irin wannan doka ta fara aiki a Janairun 2024. Dalili kuwa shi ne, a ƙarƙashin tambarin nan aka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Wanda ya ɗaga shi a kasuwa gargaɗi yake yi wa maƙwabcinsa cewa wuƙa tana nan tafe. Haka tutar 'yan bindigar da ke ƙetare iyakarmu da Sakkwato da Kabi suna karɓar dabbobin talakawa da sunan zakka. Mai ɗaga ta a cikin gari, shari'a ta kama shi.

To, ga sharaɗin. Mu a nan mun san yadda hani yake juyewa. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta Jibo Bakari ta ce "a'a" ga Faransa. A Oktoban 1959 gwamnatin Jori Hamani ta rushe ta. Raƙumi, alamar Sawaba, ya shiga ɓoye, giwar RDA ta rage ita kaɗai a fage. Aka yi ta kamu, har a 1964 aka harbe mutane a gaban jama'a a Yamai. Wace ƙiyayya ce a jikin raƙumi? Laifinsa hamayya.

Saboda haka muna neman abu uku. Na ɗaya, doka ta kira sunan kowace alama da ƙungiyar da ke da ita, kada a ce "duk abin da ke ta da hankali", don wannan rami ne da kowa zai iya faɗawa. Na biyu, alƙali ya yanke hukunci, ba jandarma a bakin kasuwa ba. Na uku, a ware addini da koyarwa. Jamus ta bar malami ya nuna tambarin a aji, Ostareliya ta bar wa mabiya Hindu da Buda nasu na ibada.

Arewa ƙasa ce ta masallaci da bori, ga Lugu ta Sarauniya da ta tsaya wa Nasara a 1899. Gemu ba tuta ba ne, guntun wando ba tuta ba ne, kayan 'yan bori ma haka. Doka marar iyaka, yau a wuyan abokin gabanka take, gobe a naka.

A karanta wannan a taron reshe, a miƙa wa na gaba. Allah ya taimaki talakawa!