Sauron da ya sauka a tashar jiragen ruwa

Akwai masu ganin cewa binciken ƙwayoyin halittar sauro almubazzaranci ne, aikin masanan da suka rasa abin yi. A raba wa jama'a gidan sauro kawai a wuce wurin. Ya kamata masu wannan ra'ayi su dubi Jibuti.

A 2012 mutum 27 kacal aka samu da maleriya a wannan ƙasa ta bakin teku, har ana shirin bankwana da cutar. A shekarar ne aka gano wani baƙon sauro, Anopheles stephensi, wanda asalinsa Kudancin Asiya ne da yankin Larabawa. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An gan shi a Habasha da Sudan a 2016, a Jihar Gombe a 2020, a Ghana da Kenya a 2022.

Ido ba ya nuna inda sauro ya fito, amma ƙwayoyin halittarsa suna nunawa. Kamar yadda ake bin salsalar dangi, haka masana ke kwatanta na garuruwa daban-daban, su ga wa ya haifi wa. Da aka yi wa na gabashin Habasha wannan gwaji, sai aka ga dangantakarsa ta kusa da na Pakistan ce. Fukafukai ba su isa wannan tafiya ba, shi ya sa zargi ya koma kan jiragen dakon kaya, sannan manyan motocin da ke kwasar kayan zuwa cikin ƙasa. Ba yau aka fara ba: a 1930 sauron Afirka ya bayyana a tashar Natal ta Burazil, ya haddasa annobar da ta kashe dubbai a 1938, ba a kawar da shi ba sai 1940.

Gidan sauro yana ceton rai, babu mai musu. Sai dai an tsara yaƙinmu ne a kan sauron da ke hayayyafa a kududdufan damina. Shi wannan ɗan birni ne: tanki, rijiya, duro da tafkin ruwan magina su ne gidansa, don haka rani ba ya hana shi. A tsakiyar rani ya tayar da ɓarkewar cutar a Dire Dawa a 2022, kuma yana jure yawancin magungunan feshi. Duk garin da famfo ba ya kawo ruwa, kowa na tara nasa a duro, ya riga ya yi masa shimfiɗa. Wani nazari na 2020 ya ƙiyasta cewa ƙarin mazauna birane miliyan 126 a Afirka na iya shiga haɗari.

Idan ta hanyar Sudan da Chadi yake shigo mana, garejin tireloli da kan iyaka ne wurin sa ido. Idan ta teku ne, tashoshin Legas. Gwajin da ake rainawa ne ke rarrabe su, kuma ba ya yiwuwa sai an ɗauki ma'aikata masu bin tankuna suna ɗebo tsutsar sauro, an kuma ware wa ɗakunan gwaji kuɗi a kasafin kowace shekara.