Mu'ujiza Ko Aikin Alheri: Me Ya Yaɗa Kiristanci A Daular Rum?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana tarihi tuwo a ƙwarya, wadda muke ganin ya kamata mu ma mu dube ta da idon basira. Yaya aka yi wasu 'yan tsirarun mutane a ƙasar Falasɗinu, masunta da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda ba su da runduna, ba su da baitulmali, ba su da fada a wurin sarki, cikin shekara ɗari uku da 'yan kai addininsu ya mamaye Daular Rum, har a shekara ta 380 Miladiyya Sarki Tiyodosiyus ya mai da shi addinin hukuma? Tun da fari muna so a fahimce mu, ba mu zo yanke hukunci a kan aƙidar kowa ba, wannan aikin malaman addini ne. Tarihi muke magana a kai, kuma ra'ayinmu shi ne, ko da yake labaran mu'ujiza sun taka rawa, aikin alheri mai tsari shi ya ɗauki nauyi mafi girma wajen yaɗuwar wannan addini.

Bari mu fara da lissafi. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Rodney Stark, a littafin da ya wallafa a 1996, ya yi ƙiyasin cewa idan aka ɗauka Kiristoci 1,000 ne a shekara ta 40, suna kuma ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma, to a shekara ta 300 sun haura miliyan 6, a 350 kuwa sun haura miliyan 33, a cikin daular da ke da mutum kimanin miliyan 60. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, amma akwai abin lura a cikinsa. Wannan ƙaruwa tana nufin kowane Kirista ɗari su samu ƙarin mutum uku ko huɗu a shekara. Wannan kuwa ba ya buƙatar a ce gari guda ya tuba a yini ɗaya. Ya isa a ce mace ta jawo mijinta, ɗan kasuwa ya jawo abokin cinikinsa, maƙwabci ya jawo maƙwabci. Tun wajen shekara ta 112 ma, Filini, gwamnan lardin Bitiniya da ke arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan yana kukan cewa abin ya kai har ƙauyuka, ya shafi maza da mata, manya da yara, har ɗakunan gumaka sun kusa zama kufai. Abin tambaya shi ne, me maƙwabcin nan ya gani da ya sa ya bi?

Masu cewa mu'ujiza ce suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. Ramsay MacMullen, malamin tarihi a Jami'ar Yale, ya nuna a littafinsa na 1984 cewa yawancin labaran tuba da Kiristocin farko suka bari suna rataye ne a kan warkar da marar lafiya ko fitar da iskoki. Akwai labarin Giregori, bishof na wani birni a lardin Fontus, wanda ya rasu wajen shekara ta 270, wanda aka ce ya tarar da Kirista 17 kacal a garin, sa'ad da zai bar duniya kuwa masu bautar gumaka 17 ne suka rage, duk saboda al'ajaban da ya nuna. Har ila yau, ikilisiyar birnin Rum tana da ma'aikata na musamman masu aikin fitar da iskoki. Mutanen wancan zamani sun gaskata da waɗannan abubuwa, kuma wanda ya ji an ce ga Ubangijin da ya fi nasa ƙarfi, dole ya karkata kunne.

To amma a nan ne gizo ke saƙar. A Daular Rum mu'ujiza haja ce da kowane mai shago yake da ita. Marasa lafiya sukan kwana a ɗakunan gunkin warkarwa Askilifiyos a biranen Efidauros da Fargamum, su tashi su sa a rubuta a jikin dutse cewa sun warke. Marubutan tarihin Rumawa sun ruwaito cewa Sarki Fasfasiyan da kansa ya warkar da wani makaho a Iskandariya. An kuma danganta wa wani malami mai suna Afoloniyus na Tiyana al'ajabai masu yawa. Hatta Kelsus, masanin falsafa da ya rubuta littafin sukar Kiristanci wajen shekara ta 178, bai tsaya ƙaryata al'ajaban da aka danganta wa Annabi Isa ba, cewa ya yi sihiri ne da aka koyo a Masar. Daɗin daɗawa, shi labarin Giregori sai da aka yi kimanin shekara ɗari da rasuwarsa kafin a rubuta shi. Idan kuwa kowa yana da wannan haja, ba ita kaɗai za ta bayyana mana dalilin da ya sa shago ɗaya ya cinye kasuwa ba. Sai mu nemi abin da Kiristoci ke da shi wanda maƙwabtansu masu bautar gumaka ba su da shi.

Attajiran Rum ba marowata ba ne. Sukan gina wuraren wanka da dandalin wasanni, su yi walima, a kafa musu mutum-mutumi a tsakiyar kasuwa. Amma kyautarsu ta neman suna ce, kuma 'yan gari masu cikakken 'yanci ake yi wa ita. Hatsin da hukuma ke rabawa mutum kimanin 200,000 a birnin Rum a zamanin Sarki Agustus, shaidar zama ɗan gari ake dubawa, ba talauci ba. Bawa da baƙo da almajirin titi ba su cikin lissafi. Kiristoci kuwa sun gaji al'adar sadaka daga Yahudawa, suka ba ta tsari. Tartuliyan, marubuci ɗan Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya bayyana wajen shekara ta 197 cewa suna da asusu wanda kowa ke jefa abin da ya sawwaƙa sau ɗaya a wata, ba tilas, da shi ake ciyar da matalauta da binne su, da kula da marayu da tsofaffi da waɗanda jirgi ya kife da su da waɗanda ke kurkuku saboda addini. A shekara ta 251 Karniliyus, bishof na birnin Rum, ya rubuta cewa ikilisiyarsa tana ɗauke da nauyin matan da mazansu suka rasu da sauran mabukata fiye da 1,500. Ku lura, shekara guda ke nan bayan Sarki Desiyus ya ƙaddamar da tsanantawa a kansu, kuma wanda ya iya faɗin adadin mutanen da yake ciyarwa, lalle yana da rajista da ma'aji da masu rabo.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, gwajin kuwa ya zo da annoba. A shekara ta 165, zamanin Sarki Markus Aureliyus, wata cuta ta ɓarke ta yi shekara kusan goma sha biyar tana kisa, kuma a 166 babban likitan nan Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, ya bar birnin Rum ya koma garinsu. Wajen shekara ta 250 wata annobar ta sake dawowa. A Kartaj, bishof Sifiriyan ya tara jama'arsa ya umarce su da su yi jinyar marasa lafiya, nasu da waɗanda ba nasu ba, alhali kuwa mutanen garin ne jiya-jiya ke farautarsu. A Iskandariya, bishof Diyonisiyus ya ba da labarin yadda mutane suka riƙa tura 'yan'uwansu titi tun da sauran numfashi, suna gudun gawa, su kuwa Kiristoci suna jinya, suna wanka, suna binnewa, har da yawa daga cikinsu, da shugabanni da mabiya, suka kamu suka mutu. Ba su da maganin cutar, amma duk wanda ya taɓa jinya ya san cewa mai zazzaɓi da yawa ƙishirwa da yunwa ke ƙarasa shi idan aka watsar da shi, kuma ruwa da kunu da mai juya shi a shimfiɗa sukan ceci rai. Wanda ya tashi daga wannan jinya ya tarar danginsa sun gudu, wanda ya zauna da shi baƙo ne, wa kuke tsammani zai bi? Mai yiwuwa ma shi da kansa mu'ujiza zai kira abin da ya same shi.

Wani zai ce ai waɗannan shaidu duk daga bakin Kiristoci suka fito, kuma kowa gwaninsa yake yabo. Gaskiya ne, shi ya sa za mu kira abokan hamayyarsu su ba da shaida. Lusiyan, marubucin barkwanci na ƙarni na biyu, ya yi musu ba'a a kan yadda wani mai suna Feregirinus, wanda shi ya ɗauka mayaudari ne, ya shiga cikinsu, da aka ɗaure shi tsofaffin mata da marayu suka riƙa sammako ƙofar kurkuku, ana kai masa abinci, ana aiko kuɗi daga garuruwa masu nisa. Dariya yake yi musu, amma a cikin dariyar ya tabbatar da halinsu. Shaida mafi ƙarfi kuwa ita ce ta Sarki Juliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka. A wasiƙarsa ta 362 zuwa ga babban limamin gumaka na lardin Galatiya, ya koka cewa kirki ga baƙi da kula da kaburbura su suka ɗaukaka Kiristoci, kuma abin kunya ne a ce suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Ya ba da umarnin a gina masaukan baƙi a kowane birni, ya ware awo 30,000 na hatsi duk shekara domin lardin. Ku duba da kyau, sarkin da ya tashi yaƙar Kiristanci asusun sadaka ya nemi kwaikwaya.

Ga kuma labarin Fakomiyus, saurayi ɗan ƙasar Masar da aka kama aikin soja da ƙarfi wajen shekara ta 312. An kulle su a wani gari a bakin kogin Nilu cikin yunwa da baƙin ciki, sai ga wasu mutane da ba su san su ba sun kawo musu abinci da abin sha. Ya tambaya su wane ne, aka ce masa Kiristoci ne, haka suke yi wa kowa. Da aka sallame shi ya nemi a yi masa baftisma, kuma shi ne daga baya ya kafa tsarin zaman masu zuhudu a gida ɗaya, wanda ya bazu ƙasashe da yawa. Ba a ta da matacce a gabansa ba, ƙwaryar abinci ya gani.

Adalci ya tilasta mu ambaci sauran dalilai. Kiristanci ya hana mabiyinsa haɗa shi da wani abin bauta, saboda haka duk wanda ya shiga, ɗakin gunki ya yi asarar mutum guda har abada. Sa'an nan bayan Sarki Kustantin ya rungume shi a 312, aka kuma ba shi 'yanci a 313, mutane da yawa sun shiga domin neman muƙami da kusanci da fada. Bayan haka ma ƙarfi ya shigo, aka haramta yanka wa gumaka, aka rushe babban ɗakin gunkin Serafis a Iskandariya wajen shekara ta 391, waɗanda aka tsananta wa jiya suka zama masu tsanantawa. Wannan tabo ne da tarihi bai ɓoye ba. Amma duk wannan ya zo ne bayan an shafe shekaru fiye da ɗari biyu da saba'in ba tare da takobi ko kuɗin hukuma ba, kuma sarki ba ya jingina da bangon da bai riga ya yi ƙwari ba. Masu cewa sadakar tarko ce kawai ta kama mabiya, sai su gaya mana wane mai tarko ne yake mutuwa a gefen shimfiɗar mai annoba.

Me ya shafe mu da wannan tsohon labari? Mu da ke cikin jami'a yau, Musulminmu da Kiristanmu, gobe mu ne za mu riƙe asibitoci da makarantu da ofisoshin gwamnati. Muna kuma zaune a zamanin da masu da'awar al'ajabi suka yi yawa, kowa da kalar rigarsa, suna karɓar kuɗin talaka da alkawarin waraka ko arzikin dare ɗaya, mu kanmu a tarukanmu mun fi gwaninta wajen jawabi mai zafi da kafa ƙungiya mai dogon suna. Mutanen Kartaj da Iskandariya sun nuna mana cewa jama'a tana taruwa a kan abin mamaki, amma wurin wanda ya san sunan marayanta ya kuma binne gawarta take zama. Sun nuna mana kuma cewa kyakkyawar niyya sai da tsari: asusu, da rajista, da ma'aji mai amana, da rabon da ba ya tambayar ƙabila ko aƙida.

Saboda haka muna kira ga kowace ƙungiyar ɗalibai, ta addini ce ko ta gari ko ta sashen karatu, kafin ta buga takardar gayyatar babban taro, ta tambayi kanta ɗalibai nawa ne a cikinta ke kwana da yunwa, wa ke kwance a asibiti ba mai dubiya, kuma nawa ne a asusunta domin su. Ga ƙaramin ma'aikaci kuma, takardar tsohon da ya yi wata uku yana zarya a kan haƙƙinsa tana kan teburinka, sa hannu a kanta yau bai fi ƙarfinka ba. Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa mu dace, amin.