Ɗan kasuwa, rubuta wasiyyarka tun kana da rai

Daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Gaya zuwa Kamba, da wuya a sami kasuwar da ba a san labarin wani attajirin da ya rasu, kafin shekara ta zagayo shagonsa ya koma kango ba. Matansa na gaban alƙali, ƴaƴansa ba su ga maciji da juna, masu bin sa bashi sun cika ƙofar gida, waɗanda yake bi kuwa sun yi shiru kamar an aiki bawa garinsu. Yawanci ba talauci ne ya jawo haka ba, rashin rubutu ne.

Dukiyar ɗan kasuwar bakin iyaka a warwatse take. Wata a sefa, wata a naira. Akwai kaya a sito, akwai mota a kan hanya, akwai jari a hannun yaron shago, akwai bashi a wurin abokin ciniki na ƙetare, ga kuma kuɗin da ke cikin waya, waɗanda mai su kaɗai ya san lambar sirrinsu. Duk wannan lissafi a kan mutum ɗaya yake. Ranar da ya faɗi, da shi za a binne lissafin.

Wasu na ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Wannan camfi ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin suratul Baƙara, umurni take yi da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Shari'a ta tsara yadda ake bi da abin da mamaci ya bari: a yi masa sutura, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa, sannan a raba gado. To, yaya magada za su biya bashin da ba su san da shi ba, ko su karɓo wanda ba shi da shaida?

Ya kamata a gane cewa wasiyya ba ta canza rabon da Allah ya yanka. Matar mamaci na da kashi 1 cikin 8 idan akwai ƴaƴa, kashi 1 cikin 4 idan babu, kuma in matan sun fi ɗaya wannan kason za su raba. Mutum na da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce kashi 1 cikin 3 na dukiyarsa ba, kuma ba a yi wa mai gado wasiyya sai da yardar sauran magada. Amfanin wannan sulusi shi ne a tuna da waɗanda gado bai kai gare su ba: jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa alhali akwai baffanni, agolan da ya tashi a gidan, ko yaron shagon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa maigida hidima.

Haka nan masu cewa "na ba wane gidan nan" da fatar baki su yi hattara. A mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai ita ya rasu, ta koma cikin gado. In ka yi kyauta, miƙa ta, a rubuta, a yi shaidu.

Wanda ke da ƙananan yara kuwa, ya naɗa wasiyyi mai amana da zai kula da rabonsu har su mallaki hankalin kansu. Akwai kuma hanyar waƙafi, wato a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta kawai ake ci. Sayyidina Umar ya yi haka da gonarsa ta Haibara, Sayyidina Usman kuma da rijiyar Ruma a Madina. Shago ɗaya da aka tsare kuɗin hayarsa zai iya ɗaukar karatun marayun dangi shekara da shekaru. Sai dai kada a fake da waƙafi ko kyauta don a hana ƴaƴa mata haƙƙinsu.

Kada kuma a manta iyaka iyaka ce. Gidan da ke Katsina da filin da ke Maraɗi hukumomi biyu ke da iko da su, kowace da irin takardun da take nema. Magadan da ba su da takardar fili ko ta mota za su sha yawo da kashe kuɗi kafin su ga ko sisi.

Shawararmu ita ce kowane ɗan kasuwa ya buɗe littafi: abin da ya mallaka da inda yake, wanda yake bi, wanda ke bin sa, da jarin wasu da ke cikin nasa. Ya zauna da malamin da ya san ilimin gado, ya rubuta wasiyya gaban shaidu biyu adilai, ya ajiye kwafi a wurin amintacce, ya riƙa sabunta ta duk shekara lokacin fidda zakka. Muna kuma kira ga shugabannin ƴan kasuwa da limamai da gidajen rediyo da su ɗauki wannan batu da muhimmanci. Tun ran gini, tun ran zane. Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma haɗa kan zuri'armu bayan ranmu.