Hana Ido Barci Ba Jarumta Ba Ce

 

Ya 'yan'uwana ɗaliban jami'a, ina da ja da masu kambama wanda ya kwana a aji yana karatu har asuba, yana ɗirkar kofi da ƙwaya don kada ya runtsa. Wa ya ce wannan himma ce? Allah Ya ambaci barci cikin ni'imominSa a Suratun Naba'i. Manzon Allah (SAW) ya hana Abdullahi ɗan Amru raya dare gaba ɗaya, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da idonsa. In an hana haka a sallah, ina ga jarrabawa?

Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Mai tauye shi kullum yana jawo wa kansa mantuwa, fargaba da ƙuncin rai.

Abin takaici, idan ɗalibi ya kasa barci makonni, ya daina walwala, sai mu ce raunin imani ne ko aljanu. Wannan zalunci ne! Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi rubutu kan cutar baƙin ciki da maganinta. Mu fa?

A yi ruƙya da azkar, a kuma je asibiti. Neman magani ba ya kore tawakkali.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.