Asibiti a Buɗe, Likitan Dare Babu

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta kife a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, ta kama da wuta jama'a na tsaka da kwasar fetur. Sama da mutum 150 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu har Kano. Manyan masifu irin wannan su ke shiga labarai. Amma kowane dare ana kai masu rauni asibiti daga hanyar Kano zuwa Zariya, daga ta Kaduna zuwa Abuja, da ƙauyukan Zamfara da Katsina inda 'yan bindiga ke ɓarin wuta. Da yawansu sukan tarar da ƙofa a buɗe, amma wanda zai yi musu aiki ba ya nan.

Mutumin da saifarsa ta fashe a haɗarin mota jini yake zubarwa ta ciki. Nas da ƙaramin likita za su iya sa masa ruwa, su ɗaure inda ya tsage, amma tsayar da jinin sai likitan tiyata, da mai ba da allurar barci, da jinin ƙari a ajiye. Wanda ya bugu a kai likitan ƙwaƙwalwa yake jira. Da zarar an rasa ɗaya daga cikinsu, sai a rubuta takarda a ce a wuce gaba. 'Yan uwa su yi karo-karo su ɗauki shatar mota, a kama hanyar Asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin Dala, ko na Shika, jini na ci gaba da tsiyaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 55,000 ne ke aiki a Najeriya, kuma kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun da suka gabata. Birtaniya da Saudiyya da Amurka da Kanada ne suka kwashe su. Na gida kuma sun fi taruwa a Legas da Abuja, su bar babban asibitin ƙaramar hukuma da likita ɗaya ko biyu, su ne na haihuwa, su ne na yara, su ne na haɗari.

Waɗanda suka rage su ke ɗaukar nauyin waɗanda suka tafi. Akwai likitocin da ke kwana biyu ko uku a jere suna jiran kira. Abin ya kai ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta umarci mambobinta su daina wuce awa 24 a jere daga Oktoban 2025. Umarnin daidai ne, domin hannun da bai yi barci ba bai kamata ya riƙe wuƙar tiyata ba. Sai dai muddin ba a ƙara ma'aikata ba, giɓin da ke jadawalin dare zai ƙara fitowa fili.

Ga kuma tsoro. A Disambar 2023 aka sace wata likita daga gidajen ma'aikatan Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ta shafe wata goma a hannun masu garkuwa. Da wuya a ga laifin likitan da ke fargabar fitowa ƙarfe biyun dare.

Doka kam akwai ta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma ware wa wannan aiki kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko. Wata doka ta 2017 ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ko babu takardar 'yan sanda. Duka biyun sun tilasta a karɓi majinyaci, amma ba su ajiye likitan tiyata a bakin gadonsa ba. Gwamnoni kuwa sun fi son yanke ƙyallen sabon gini da jera motocin ɗaukar marasa lafiya a gaban 'yan jarida.

Gyaran yana hannun jihohi. Kowace shiyyar sanata ta samu asibiti ɗaya da aka tabbatar yana da likitan tiyata, da mai allurar barci, da ma'ajiyar jini dare da rana, kuma jami'an kiyaye haɗurra da direbobin tasha su san shi, su daina yawo da mai rauni. A biya alawus ɗin aikin kwana a kan kari, a ba likita ɗaki mai tsaro a cikin asibiti. A kuma yi koyi da Jamhuriyar Nijar, wadda ta horar da likitocin gama-gari su riƙa yin tiyatar gaggawa a asibitocin gunduma. Idan kwamishinan lafiya ya zo kare kasafin baɗi, 'yan majalisar jiha su nemi ya kawo jadawalin aikin dare na kowane babban asibiti, da sunan likitan da ke kan kowane dare, kafin su amince da kuɗin wani sabon gini.